Kitso da Ƙwarƙwata: Koren Ganye a Jikin Leda, Baƙin Ruwa a Kwatar Nima

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar kwatar Nima, a Akra, washegarin ruwan sama ya san abin da ido ke gani. Ruwa ya janye ya bar kayansa: ledar fiya wata, robar lemo, farin mazubin abinci na soso, tsumma, takalmi wari ɗaya. Cikin tarkacen nan akwai wata farar ledar kanti da ta maƙale a ƙarfen gada. An buga mata hoton koren ganye, a ƙasansa an rubuta da Turanci wai mai ruɓewa ce, wai ƙawar muhalli ce. Laka ta shafe rabinta, rana ta dake ta, amma rubutun yana nan raɗau, ko harafi ɗaya bai goge ba.

Ledar da ta yi alkawarin ruɓewa, ga ta tana tare mana hanyar ruwa.

Matsayina a kan wannan a fili yake. Kamfanin da ya ce kayansa ba sa cutar da muhalli talla yake yi, kuma talla ana auna ta kamar yadda ake auna hatsi a kasuwa. In maganar ba ta zo da lamba ba, ba ta faɗi wuri ba, ba ta kawo shaidar wani na waje ba, to algus ce. Ma'aunin da na fi yarda da shi kuwa yana nan kusa da mu: sikelin matar da ke sayen roba a bakin bola, da abin da kwata ta amayar bayan ruwa.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1986 wani Ba'amurke mai suna Jay Westerveld ya raɗa masa suna a Turanci, "greenwashing", bayan ya ga otal na roƙon baƙi su sake amfani da tawul ɗinsu don ceton duniya, alhali kuɗin wanki ake so a rage. Mu ba mu buƙatar aron suna. Kitso da ƙwarƙwata ne. A 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta bincika ire-iren waɗannan iƙirari a kasuwanninta, ta tarar fiye da rabi, kashi 53 cikin 100, ko dai dunƙulalliyar magana ce, ko mai ɓatarwa, ko marar tushe. Can ne fa, inda masu sa ido suka yi yawa. Ka ƙiyasta abin da ke isowa kasuwannin Makola da Kejetia.

Ledar da aka ce tana ruɓewa

Kalmar da za ka gani ita ce "biodegradable", wani lokaci da "oxo" a gabanta. Ga abin da ke ciki. Robar yau da kullum ce, irin ta kowace leda, sai a zuba mata ɗan sinadari mai gishirin ƙarfe, abin da bai fi kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Aikin sinadarin shi ne, in rana da zafi da iska suka haɗu a kan ledar, ya sa ta yi rauni ta farfashe. Farfashewa kuwa daban take da ruɓewa. Ɓawon ayaba in ya ruɓe ya koma ƙasa. Leda in ta farfashe ta koma ɓurɓushin roba, wanda tsintsiya ba ta iya kama shi, kaji su tsattsage shi, ruwa ya kwashe saura zuwa kogin Odaw, daga nan tafkin Korle, daga nan teku da kifin da ke cikinsa.

Ko farfashewar ma sai an samu rana da iska. Ledar da ta nutse cikin lakar kwata, ko aka binne ta a ƙarƙashin tulin shara, ba ta samun ko ɗaya. A 2019 masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi: ledoji masu wannan suna, bayan shekara 3 a binne cikin ƙasa ko cikin ruwan teku, an ciro su suna iya ɗaukar kayan cefane. Tarayyar Turai ta haramta robar "oxo" ɗungurum daga watan Yulin 2021. Mu kuwa a Gana, a 2015 umarni aka ba masu yin leda da su riƙa zuba wannan sinadarin, da kyakkyawar niyya, bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni a Circle da ta ci rayuka sama da 150. Niyya ta yi kyau, maganin ne bai dace da cutar ba. Har ma yana da wata illar: in irin wannan leda ta gauraya da robar da za a narka, bokiti ko kujerar da aka yi da ita ba ta yin ƙarko.

Akwai ƙanwarta, mai suna "compostable", wadda ake yi da sitacin masara ko rake. Ita da gaske tana iya zama taki, amma da sharaɗi. Ƙa'idar Turai da ake buga lambarta a jiki, EN 13432, tana magana ne a kan masana'antar taki, inda zafi ke kai wa wajen digiri 58, da danshi daidai, ana juyawa, har tsawon mako 12 kafin ta wargaje, wata 6 kafin ta narke. Bayan gidanka ba ya kai wannan zafin, bolar unguwa ma haka. To ka tambayi mai kantin: wa ke zuwa karɓar wannan ledar daga hannuna, ina yake kai ta? In amsar ita ce "ka jefa a shara kawai", ka sayi leda mai tsada ne kurum.

Wanda yake son gani da idonsa, ya yanka ledar gida uku. Ɗaya ya binne a tukunyar fulawa, ɗaya ya ɗaure a rufin kwano, ɗaya ya jefa cikin kwalbar ruwan kwata ya rufe. Ya rubuta kwanan wata. Bayan wata 6 ya duba. Gani ya kori ji.

Kibiyoyi uku da sikelin bakin bola

Juya kowace roba, za ka ga kibiyoyi uku suna bin juna, da lamba a tsakiya. Yawancin mutane sun ɗauka alamar tana nufin za a sake sarrafa robar. Lambar, wadda masu masana'antar roba a Amurka suka ɓullo da ita a 1988, nau'in robar kawai take faɗa. 1 ita ce ta kwalbar ruwa da lemo. 2 ita ce ta jarka. 3 ta bututun famfo. 4 ta leda mai laushi. 5 ta murfi da bokiti. 6 ta farin mazubin soso. 7 kuwa tarkace ne, duk abin da bai shiga shidan ba. Babu inda lambar ta ce akwai mai saye a Akra. Ƙungiyar OECD, ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, ta ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa.

Hanyar ganewa ta fi karatun lamba sauƙi. Je ka tsaya wurin matan da ke sayen roba a kan kilo. Yaro ya zo da buhu, ta zazzage shi a ƙasa, hannunta ya shiga aiki kafin bakinta. Ledar fiya wata gefe ɗaya. Farar kwalba, ta murɗe murfin ta jefa a wani kwando, ta taka kwalbar da ƙafa ta lotse. Jarka nata wurin daban. Sai ta ɗago ledar garin madara, ta yage ta, cikin yana ƙyalli kamar azurfa, ta wurgar bayanta. "Ɗana, wannan ba ya hawa sikeli." Mazubin soso mai maiƙon waakye ko kallonsa ba ta yi.

Hukuncin matar nan ya fi na kowane tambari, domin da kuɗinta take yanke shi. Dalilinta kuma na sana'a ne. Ledar madara, ta omo, ta biskit da ta tumatirin leda, falle biyu ko uku ne aka manne: roba iri biyu da siririn alminiyam. Kowanne da zafin da yake narkewa, kuma raba su ya fi ƙarfin injin da ake da shi. Ja ledar fiya wata za ka ji tana miƙewa, ja ta madara za ka ji ta ƙi. Kwalba da murfinta ma ba jinsi ɗaya ba ne: in an niƙa su aka zuba a ruwa, ɓarin kwalbar nutsewa yake, na murfin ya taso, da haka ake raba su. Kwalba mai launi farashinta ƙasa yake da na fara, don in an narka ba ta komawa fara. Soso kuwa kusan duk iska ne, ka cika aboboya da shi nauyin bai taka kara ya karya ba, kuɗin man kai shi ya fi kuɗinsa.

Ga wata dabara da ake yi da harafi biyu. "Recyclable" na nufin ana iya sake sarrafawa, a wani wuri, wata rana, in Allah ya so. "Recycled" na nufin an riga an yi. Ko a na biyun ma sai ka tambaya kashi nawa, kuma na wane ɓangare. Sau da yawa kwalin da aka zubo kayan ne ake nufi, ba kayan ba. Sannan ledar fiya watan da aka tara, wadda sai ɗaruruwa sun taru kafin kilo ɗaya ya cika, ba ta komawa ledar ruwa. Ana narka ta ta zama ƙwayoyi kamar shinkafa, a yi baƙar leda da su. Baƙar ledar nan ita ce zangon ƙarshe, daga ita sai kwata.

"Ai mu ne ke zubarwa"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo don kare kamfanoni, kuma tana da gaskiya a ciki. Kamfani bai ɗauki leda ya kai kwatar Mamobi da hannunsa ba. Akwai masu jiran hadari ya haɗu su fito da sharar mako guda su juye wa ruwa. Ba na wanke su.

Amma a duba wanda ya yi zaɓi. Wa ya zaɓi ledar falle uku, yana sane babu mai narka ta a ƙasar nan? Wa ya daina kwalbar gilashi da ake mayarwa kanti a karɓi kuɗin ajiya? Manya sun tuna lokacin da kwalbar lemo kuɗi ce, yaro ba ya barin ta a ƙasa. Waakye a ganye ake naɗe shi, ganyen in an yar akuya ta cinye. Mai saye bai zauna taron da aka canza waɗannan ba. An rage wa kamfani kuɗin wanke kwalba da jigilarta, aka ɗora kuɗin kwasar shara a kan unguwa, sannan aka buga ɗan hoton mutum yana jefa shara a kwando, wato laifin naka ne. Wanda ya zubar a kwata ya yi laifi ɗaya. Wanda ya ƙera abin da ba shi da makoma sai kwata, ya kuma rubuta masa "ƙawar muhalli", laifinsa biyu.

Kantamanto ta san ƙarshen labarin

A manyan kantunan tufafi na Turai da Amurka akwai akwatunan da aka rubuta wa: kawo tsohon kayanka, za mu ba shi sabuwar rayuwa. Wani kaso na wannan sabuwar rayuwar a Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Akra, yake sauka, cikin dila mai nauyin wajen kilo 55, a kan 'yan mata kayayo. Gidauniyar Or, wadda ke aiki a kasuwar, ta ƙiyasta tufafi miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na fita a matsayin shara. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta musanta, ta ce adadin bai kai kusa da haka ba. A bar su da gardamar lamba. Wanda ya taka bakin teku a Jamestown ya ga igiyoyin tsumma da suka cukurkuɗe cikin yashi.

Gwanjo sana'a ce mai rufin asiri, kuma masu ɗinki da gyara a Kantamanto su ne ke yin ainihin aikin da kamfanonin ke tallar suna yi. Gobarar farkon Janairun 2025 ta nuna yawan bakin da ke ci daga wurin. Inda algus yake shi ne kalmar "sake sarrafawa". Rahoton Gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya ce abin da ke komawa sabon tufafi daga tsohon tufafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Yadin da aka gauraya auduga da leda raba zarensa wahala ne. Rigar da aka rubuta wa an yi ta da kayan da aka sake sarrafawa, galibi kwalbar ruwa ce aka narka, kuma daga riga ba ta sake zama kwalba. Mai sayen dila kuwa da kuɗinta ta biya, ba ta ga ciki ba sai da ta yanke ɗaurin. In rabi ya fito yagagge, asarar tata ce, sharar ta birni ce, yabon kuma na kantin da ya ajiye akwati.

Bishiyar ranar ɗaukar hoto

Tun da aka fara ranar dashen bishiya ta Green Ghana a 2021, da burin dasa miliyan 5 a shekarar farko, kamfanoni suka samu sabon fage. Farar riga, sabon shebur, manaja ya durƙusa, a ɗauki hoto. Dashen alheri ne. Lissafin da ake ɗorawa a kansa shi ne matsalar.

Mu yi shi tare. Litar dizal ɗaya in ta ƙone tana fitar da iskar kabon wajen kilo 2.7. A ce babbar motar rarraba kaya tana shan lita 50 a rana: kilo 135 ke nan. A kwana 300 na aiki, sama da tan 40. Bishiyar da ta girma, ƙiyasin da aka saba yi shi ne tana zuƙar wajen kilo 20 a shekara. Mota ɗaya tak tana buƙatar manyan bishiyoyi wajen 2,000. Kamfani mai mota 30 da ya dasa tsiro 500 ya sanar da duniya, ko hayaƙin mota ɗaya bai biya ba, ko da duk sun rayu sun girma.

Kuma ba duka ke rayuwa ba. Tsiron da aka dasa a Yuni yana cin arzikin damina. Jarabawarsa tana zuwa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu: wa zai ba shi ruwa, wa zai kewaye shi? A zango, inda tumaki da awaki ke yawo ba makiyayi, tsiron da ba shi da keji kwana biyu ya yi yawa. Don haka lambar da za a nema ita ce nawa suka rage bayan rani biyu, a wane fili, wane iri. Wanda ya ƙirga ranar dashe kawai ya ƙirga ƙwai ne ya kira su kaji.

Daga nan sai babbar kalma, "carbon neutral", wai hayaƙin kamfani ya tashi babu. Yawanci bai rage hayaƙin ba, takarda ya saya. Kowace takarda tana wakiltar tan ɗaya na hayaƙi da aka ce wani ya hana fita a wani wuri, ta hanyar tsare daji ko raba murhu mai cin gawayi kaɗan. Gana tana cikin wannan kasuwa dumu-dumu, tun yarjejeniyar da ta ƙulla da Suwizalan a 2020. Kuɗin na iya amfanar manoma da mata, ban ce a rufe ƙofa ba. Amma sau da yawa cinikin biri a sama ne. Lissafin murhu, alal misali, yana ɗauka cewa uwar gida ta jingine tsohon kurfoti. Shiga kowane gidan haya ka gani: sabon murhu na ɗauke da miya, tsohon kurfoti na ɗauke da tuwo, gawayi na ci ta biyu. Wani binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2024 ya gano an kumbura amfanin irin waɗannan ayyukan murhu har wajen ninki 9. A shekarar ce kuma wata kotu a Amsterdam ta yanke cewa tallan kamfanin jirgin sama na KLM a kan tafiya mai kare muhalli ya ɓatar da masu saye.

"Da babu gara ba daɗi"

Hujja ta biyu ke nan: ko ba komai sun yi wani abu, in aka matsa musu za su daina gaba ɗaya. Amsata ita ce ba aikin ake tuhuma ba, girman da aka ba shi ne. Kamfanin da ya ce "mun rage nauyin kwalbarmu da giram 2, ga nauyin da, ga na yanzu" ya faɗi ƙaramin abu na gaskiya, a yaba masa. Wanda ya share bakin teku sau ɗaya a shekara ya kira kansa mai ceton teku, ya ɗora busasshen hatsi a saman jiƙaƙƙe ne, irin wanda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu ya tono a kasuwa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ƙaryar ma tana kashe kasuwar mai gaskiya. In koren fenti kyauta ne, wa zai kashe kuɗi ya canza inji?

Hujja ta uku ta fi ciwo: talaka na neman na koko, ina ruwansa da hayaƙin duniya? Ruwansa yana cikin aljihunsa. Shi ne ruwa ke shiga ɗakinsa in kwata ta toshe. Shi ne ke sayen maganin sauro da na tari. Shi ne ke biyan ƙarin sidi a kan kwan fitila ko firjin da aka rubuta wa "eco", wata ya ƙare mita ta cinye kuɗinsa kamar da.

Tambarin da ke da haƙori, da wanda ba shi da

Firjin nan ya kawo mu ga misalin alama ta gari. Takardar Hukumar Makamashi, ruwan ɗorawa mai taurari, da ake mannawa a firji da na'urar sanyaya ɗaki, tana da abin da koren ganye ba shi da shi: lambar wutar da na'urar ke ci, gwajin da aka yi bisa ƙa'ida, da hukumar da za a kai wa ƙara. Kana iya ajiye firji biyu ka kwatanta. Duba sunan samfurin da ke takardar ya dace da na bayan firjin, don ana ɗage takarda daga wani a manna wa wani.

ISO 14001 da ake bugawa a allon talla shaida ce cewa kamfani yana da tsarin lura da harkar muhalli a cikin gidansa. Ba ta ce kayan da ke hannunka ba su da illa ba. Lasisin EPA, hukumar kare muhalli, kuwa izinin aiki ne, wajibi ne a kan kowace masana'anta, kamar lasisin tuƙi. Mai alfahari da shi kamar direban trotro ne da ke neman tukuici don yana da lasisi. EPA ɗin ma ta ɓullo da nata ma'aunin, AKOBEN, ga kamfanonin ma'adinai da masana'antu, mai launi biyar: ja, ruwan lemo, shuɗi, kore, ruwan zinare. A can, wanda ya cika ƙa'ida shuɗi yake samu. Kore sai an wuce nan. Kamfani kuwa a kwalinsa shi ke ba kansa kore. Ƙaramin tambarin duniya a tafin hannu, ko ganye cikin da'ira, in babu sunan hukumar da ta bayar da lambar da za a bincika, mai zanen kamfanin ne ya zana shi.

Ko gwajin hukuma ana yi masa wayo. A 2015 aka gano Volkswagen ya saka wa motocin dizal wajen miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, a kan titi kuwa wasu na fitar da har ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. Masu bincike ne suka ɗaura na'ura a bayan mota suka hau titi da ita, asiri ya tonu.

Yadda ake tsayawa a gabansu

Zagi a Facebook ba ya motsa kamfani. Lamba tana motsa shi. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta ɗebi mai daga gidajen mai a ƙasashen Afirka, har da Gana, ta kai ɗakin gwaji. A lokacin dokarmu ta yarda da sinadarin sulfa har 3,000 cikin miliyan a dizal, Turai kuwa 10. Da lambar ta fito fili, a 2017 Gana ta sauko da iyakar zuwa 50.

Ba kowa ke da ɗakin gwaji ba, amma kowa na da waya. Ɗauki hoton iƙirarin yadda kalmomin za su karantu, da gaba da bayan kayan, da lambar rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna, da kwanan wata, ka ajiye rasit. Sannan a rubuta wa kamfanin gajeriyar wasiƙa, zai fi nauyi in da sunan ƙungiyar matasa ko kwamitin masallaci. Kada a yi wa'azi a ciki. Tambaya ake so: wannan kalma me take nufi da lamba? Idan an ce an rage, daga nawa zuwa nawa, daga wace shekara? Jimillar ce ta ragu ko ta kowace kwalba, don kamfanin da ya rage kashi 10 a kwalba ya ninka yawan kwalaben, robarsa ƙaruwa ta yi. Wa ya tabbatar, ina rahoton? A Akra ko Kumasi, ina ake karɓar wannan mazubi? A ba su mako biyu, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

In abinci ne ko abin sha, FDA ce ke da hurumin lakabi da talla, kuma Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana lakabin da ke yaudarar mai saye. In hayaƙi ne ko ruwan masana'anta da ake saki a rafi, EPA. In ma'auni ne, Hukumar Ƙa'idojin Kaya ta Gana. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2019 ta ba kowa damar neman takarda daga hukumar gwamnati, jami'in kuma yana da kwana 14 ya ba da amsa. Da ita ake neman sharuɗɗan lasisin masana'antar da ke maƙwabtaka da ku. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su nemi "duk bayanan kamfanin". Faɗi sunan takardar da shekarar, in ba haka ba za a yi ta juya ka daga tebur zuwa tebur.

A rediyo ko a intanet, tsaya a kan abin da ka gani da abin da aka rubuta. "Sun ce tana ruɓewa, ga ta bayan wata 6 a ƙasa, ga wasiƙarmu, ba su amsa ba." Wannan ba ta da ƙofar shiga. In ka ce "ɓarayi ne", ka ba lauyansu aiki, magana ta tashi daga leda ta koma kanka.

Sai ranar da za su zo da kansu, don suna zuwa. Wasiƙa ga Sarkin Zango ko ɗan majalisar unguwa: kamfani zai ɗauki nauyin sharar unguwa ranar Asabar, za a raba riguna da ruwa. A karɓe su hannu biyu, amma a zauna tukuna. Yashin da za a kwaso daga kwata, motar wa za ta ɗauke shi, kuma a ranar? In an bar shi tsibi a bakin titi, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito, an sha gani. A nemi shebur da baro da safar hannu su zauna a unguwa bayan masu kyamara sun tafi. A nemi wurin karɓar roba na dindindin, da sikeli, da farashin kilo a rubuce, da ranar da mota ke zuwa. Kafin a ɗaure buhunan kuma, matasa su zazzage guda goma a kan tabarmar leda, su ware sharar bisa sunan da ke jikinta, su ƙirga, su rubuta, a karanta lambar a gaban manajan kafin a ɗauki hoto.